Motar Daji Bayan Ambaliya: Abin da Ke Jiran Mai Ita a Gareji

Mazauna Doka a birnin Kaduna da unguwannin da ke kewaye da ita sun san halin Kogin Kaduna idan Agusta ta ƙare Satumba ta kama. Ambaliyar Satumbar 2003 har yau ana ba da labarinta, ta 2012 ma ta bar tabo, kuma kusan duk daminar da ta yi ƙarfi sai an ji sunan titin Kigo, gangaren Unguwar Rimi, Kabala da Rafin Guza. Idan ruwa ya janye ana lissafin katanga da katifu, sannan a waiwayi motar da ta kwana a tsakar gida ruwa ya kai mata gilashi.

Kaduna gari ne na ma'aikatan gwamnati, sojoji, 'yan kwangila da manyan manoma, don haka Hilux da Prado da Land Cruiser sun yi yawa a cikinsa. Masu su da dama sun ɗauka ba ruwan da zai yi musu komai. Kamfanin Toyota kuwa bai faɗi haka ba. Hilux ƙirar 2015 zuwa yau, zurfin da aka amince ta ratsa santimita 70 ne, wato ya ɗan haura gwiwar babban mutum, kuma ratsawa ake nufi a hankali, ba kwana a ciki ba. Dogon bututun shaƙar iska da wasu ke ɗaurawa a gefen gilashi inji kaɗai yake karewa, wayoyi da aksul ba ruwansa da su.

Babbar ɓarnar ba ruwan ne ke yin ta ba, makulli ne. Mai mota ya fito da safe, zuciyarsa ta ce masa ya gwada ko za ta tashi. Idan ruwa ya bi ta matatar iska ya sauka cikin silinda, to fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa. Iska da tururin mai suna matsuwa, ruwa ba ya yi. Ƙarfin sai ya koma kan sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta fasa jikin injin ta fito. Injin dizal ya fi shiga haɗari, domin matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, wurin da ya rage a saman fistin ɗan kaɗan ne, ruwa kaɗan ya isa. Murɗa makulli na daƙiƙa biyu kan mayar da aikin juye mai ya zama na sauke inji. Tura motar don ta tashi ma duk ɗaya ne.

Abin yi shi ne a cire kan batir, a fara da na baƙar waya, a ɗauki hoton inda ruwa ya tsaya a jikin motar, a kira janwe. Shaidar laka a jikin ƙofa ita ce za ta gaya wa bakanike inda zai fara.

Bakaniken da ya san aikinsa matatar iska zai fara buɗewa. Idan ta jiƙe, sai ya kwance fulogogi, a dizal kuma nozul ko fulogin ɗumama inji, ya juya injin da hannu don ruwan ya fito ta ramukan. Daga nan baƙin mai. Man da ruwa ya gauraya da shi launinsa kan koma na shayi mai madara, idan kuma motar ba ta tashi ba, ruwan ne zai fara zubowa idan an kwance ƙusar ƙasa, tunda ya fi mai nauyi. Juyi ɗaya ba ya wadatarwa: a zuba sabo da sabuwar matata, injin ya yi zafi, a sake juyewa. Ruwan Kogin Kaduna a damina ɗauke yake da laka da rairayi, su ne ke cin ƙarfe a hankali. Tankin mai ma a sauke shi. Sababbin injinan dizal masu aiki da kwamfuta ba sa jure ɗigon ruwa a famfonsu, sabanin tsohon 1HZ na Land Cruiser da ya fi haƙuri.

Inda ake yawan yin sakaci shi ne ƙasan motar, alhali nan ne motar daji ta bambanta da ƙaramar mota. Tana da aksul gaba da baya, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu, wanda kanikawa ke kira oziliyari, kowanne da nasa man. Kowanne kuma yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa. Aksul mai zafi idan ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa kan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan hancin ko ta bakin roba. Motar za ta tashi lafiya, ta je Zariya ta dawo, mai ita ya yi hamdala, bayan makonni a fara jin kuka daga baya. Kuɗin man aksul bai kai kashi kaɗan na kuɗin haƙoran aksul ɗin da za a nema a kasuwar Fanteka ba. Haka boris ɗin tayoyi, a wanke a cusa sabon giris, a kuma bi duk wata gaɓa ta farfela da giris har tsohon ya fito. Man birki yana shan ruwa da kansa ko ba ambaliya, don haka a juye shi gaba ɗaya.

Giya mai canja kanta ita ce mafi rashin yafiya. Ruwa yana narkar da gam ɗin da ke riƙe fatun kulocinta, shi ya sa idan jan man ya dusashe ya yi fari-fari, kada a bar injin ya juya ta ko na minti ɗaya.

Sai aikin mai waya, wanda ke buƙatar haƙuri fiye da ƙwarewa. Kujeru da kafet duk su fito su sha rana, domin sosan da ke ƙarƙashin kafet kan riƙe ruwa makonni. A ƙarƙashinsa wayoyi suke bi, kuma a motoci da yawa na'urar da ke sarrafa jakar iska ta kariya tana zaune ne a ƙasa, kusa da sandar giya. Kowace mahaɗar waya a zare ta, a wanke da maganin fesawa, a busar kafin a mayar da batir. Koriyar tsatsar da ke fitowa a bakin waya ba ta nuna kanta sai bayan watanni, lokacin da fitilun gargaɗi za su fara kunna kansu.

Inshorar da yawancin direbobi ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta ambaliya ba. Mai cikakkiyar inshora ya sanar da kamfaninsa kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya.

Mai shirin sayen ta hannu ma batun ya shafe shi. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na Amurka, kuma irin waɗannan motoci kan bi ta gwanjo su tsallako Afirka ta Yamma. Na gida ma ana wanke su a kai kasuwa da rani. Mai saye ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ko akwai tabon ruwa, ya leƙa ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ya ɗaga kafet ya nemi busasshiyar laka, ya kuma yi tambaya idan ƙamshin turaren cikin motar ya yi yawa.