Yaushe za a ƙirga mu a Maska?

Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a da gidaje tun watan Maris na 2006, lokacin da aka samu mutum 140,431,790, jihar Katsina na da 5,801,584 daga ciki. Ke nan kusan duk ɗalibin da ke sakandare yau a Maska ba a taɓa ƙirga shi ba. Da kintace ake lissafa mu in za a ƙara azuzuwa ko a kawo kujeru.

Aikin na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, kuma shirinsa ya fi ƙirgen kansa cin lokaci nesa ba kusa ba. Sai an yanka ƙasar nan gunduwa-gunduwa a taswira, kowane malamin ƙidaya da nasa yankin, don kada a tsallake wata unguwa ko rugar Fulani, kada kuma a ƙirga gida sau biyu. Sannan a sa wa gidaje lamba, a yi gwaji.

Ranar aiki, inda mutum ya kwana nan ake rubuta shi. Mu manoma wannan ya shafe mu, domin a Maris yayyenmu da yawa suna cin rani a Kaduna ko Legas, can za su shiga lissafi. Ban da shekaru da karatu da sana'a, ana tambayar irin rufin ɗaki, da inda muke ɗebo ruwa.

An shirya sabuwar ƙidaya a Mayun 2023, da na'urar hannu maimakon takarda, amma gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.