Ƙaramin rezisto da ke hana lasifika shaƙewa

A Sheme da ke ƙaramar hukumar Faskari, da sauran garuruwan yankin Ƙanƙara da Sabuwa, lasifikar masallaci da ta mai talla a kasuwa sukan dogara da batir mai volt 12. Idan murya ta fara fita a shaƙe akan ɗora wa makirufo laifi, alhali wani lokaci matsalar tana cikin amplifaya, a matakin farko da ke karɓar murya.

A ƙananan amplifaya, wannan mataki taranzisto ne irin C945 ko BC547, tare da rezisto da ya haɗa ƙafarsa ta kolekta da ta bes. Aikin reziston shi ne mayar da ɗan wuta daga mafita zuwa mashiga, domin taranziston ya zauna cikin shiri kafin a yi magana. Harold Black na kamfanin Bell a Amurka ne ya ƙirƙiro dabarar mayarwa a amplifaya a 1927, kuma amfaninta a ƙasa mai zafi irin tamu a fili yake. Idan taranzisto ya ɗumama ya ja wuta da yawa, ƙarfin kolekta zai sauka, abin da ke komawa bes ya ragu, sai na'urar ta daidaita kanta.

To, wane girma za a zaɓa? Abin nema shi ne kolekta ta tsaya a rabin ƙarfin batir, wato volt 6, domin murya ta sami filin hawa da sauka. Idan rezisto mai om 4,700 ne tsakanin batir da kolekta, kuma taranziston yana ninka wutar bes sau 200, lissafi zai kai mutum kusa da om 820,000, mai zanen toka, ja da rawaya.

Idan ya fi haka girma ƙwarai, kolekta za ta haura kusa da volt 12, a datse rabin muryar. Idan ya yi ƙanƙanta, za ta faɗi ƙasa, sautin ya raunana.

Sai dai taranzisto biyu masu lamba ɗaya ba sa ninkawa daidai, shi ya sa musanya "kamar wanda aka cire" kan ci amanar mai gyara. Wanda ya kai amplifaya gyara ya nemi a ɗora mita a kolekta a gabansa. Volt 5 zuwa 7 ya wadatar.