Idan An Cuci Mai Laifi, Ko 'Yan Sanda Za Su Kau Da Kai?

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ba ta bambanta jinin ɓarawo da na mai gaskiya ba, domin abin da take dubawa shi ne aikin da aka aikata. Saboda haka jandarmomi da 'yan sanda, a gari kamar Matamaye, wajibi ne su binciki duk wani duka da aka yi wa wanda ake zargi da sata, su miƙa rahotonsu ga mai gabatar da ƙara, wato alƙalin da ke tuhuma a madadin al'umma. Kare kai, wato tunkuɗe harin da ke kan mutum a daidai lokacinsa, shi ne uzurin da doka ta karɓa, kuma ba ya haɗawa da jibgar wanda aka riga aka ɗaure.

A aikace kuwa, matsalar takan fara tun kafin a isa ofishin hukuma. Ɗan fasa-ƙwaurin man fetur da aka ƙwace wa kaya a hanyar Ɗan Barto zuwa Daura ba zai kai ƙara ba, tunda yin haka tona wa kansa asiri ne, kuma idan taron kasuwa ya far wa ɓarawo, da wuya a sami mai ba da shaida. Wannan shiru yana da haɗari ƙwarai, domin zargi ba hujja ba ne: a Uromi ta jihar Edo, a Maris 2025, an kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano bisa zaton masu garkuwa da mutane ne.