Wayar nan tamu ce ko haya muka ɗauka?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani abu da ke ci wa ire-irenmu manoma da ƙananan 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya, wato halin manyan wayoyin nan na shafawa.

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, 'yar ƙaramar da muka fara riƙewa ba ta ɓoye mana komai. Idan ta cije, ka buɗe murfi ka zare batir ka mayar, shi ke nan. To amma babbar waya tana da wata babbar manhaja a cikinta da ke juya komai, kamar Android ta kamfanin Google, ko iOS ta kamfanin Apple. Ita ce mai gida a cikin wayar. Abin da ta ga dama shi take nuna maka, abin da ba ta so kuwa ko ka shekara kana latse-latse ba za ka gan shi ba.

Ni dai masara na sayar na sayi tawa. An rubuta 32GB a jikin kwali, amma da na kunna ta sai na iske wajen kashi ɗaya cikin uku a cike yake tun daga kamfani. Jama'a, idan ka sayi rumbu mai cin dami talatin, ka tarar magini ya ajiye nasa dami goma a ciki ya garƙame, me za a kira wannan ciniki? Akwai wasanni da wasu manhajoji da ban san amfaninsu ba, kuma ba su goguwa, iyakarka ka kwantar da su. Yau da gobe sai wayar ta ce wuri ya ƙare. Ka shiga ka duba abin da ya cinye wurin, sai ta nuna maka wani babban kaso da ta kira "sauran abubuwa", babu suna babu bayani. Dole ka koma kan naka kayan kana gogewa: hoton rasiɗin taki, saƙon muryar wanda ya ɗauki buhu bashi, farashin da abokin ciniki ya aiko daga Dawanau. Wallahi wannan shi ne littafin bashinmu yanzu, tunda da yawanmu ba gwanayen rubutu ba ne.

Ga kuma data. Ka sa ta dubu ɗaya da magariba, gari ya waye ta yi ƙasa, ashe wayar ta kwana tana sabunta manhajojinta. Wurin da ake hana ta yin haka yana can an binne shi cikin Turanci.

Kamfanonin sukan ce suna kulle wasu wurare ne don kare mu daga 'yan damfara. Misali tun daga Android 11 da ya fito a 2020, an toshe hanyar shiga wani ɗakin ajiya da manhajoji ke tara kayansu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don kuwa ɓarayin asusu sun yi yawa. Amma kare mutum daban, rufe masa ido daban. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyinsa na iPhone idan batirinsu ya tsufa, alhali bai gaya wa masu su ba. A 2020 hukuma a Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda wannan ɓoyon. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wayarsa ce ta mutu ya sayi sabuwa, alhali canjin batir ya wadatar.

Wasu ƙasashe tuni suka tashi tsaye. A Sin, inda ake ƙera akasarin wayoyin da ke kasuwanninmu, tun daga Janairun 2023 doka ta ce dole a iya goge manhajojin da suka zo da waya, ban da 'yan kaɗan da ba ta aiki sai da su. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 a kan sauƙaƙa canjin batir, wadda ta sa 2027 a matsayin lokacin fara aiki da wannan sashe. To mu me ya hana?

Don haka ina kira da babbar murya ga hukumar sadarwa ta NCC, wadda ita ke amincewa da wayoyi kafin a sayar da su a ƙasar nan, da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC, da su sa a riƙa rubuta ainihin wurin da ya rage wa mai saye a jikin kwali, a kuma ba mu ikon goge abin da ba mu so. Masu shaguna a Farm Centre da sauran kasuwannin waya kuma, don Allah ku riƙa kunna wa baƙauye wayar ku nuna masa kafin ya ƙirga kuɗi.