2.4 Amfani da Jerin Ƙwayoyin Sauti Wajen Gano Aibin Walda

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake gano aibin da ke ɓoye cikin ƙarfe ba tare da an yanka shi ba. Muhimmancin hakan a fili yake, domin ƙaramar tsaga a waldar bututun gas kan yi ta buɗewa sannu a hankali har bututun ya fashe, a yi hasarar rayuka da dukiya.

Kunnen ɗan'adam ba ya jin sautin da girgizarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa. Wanda ake aikawa cikin ƙarfe kuwa yakan kai girgiza miliyan 2 zuwa miliyan 10. Sergei Sokolov na Tarayyar Sobiyet ne ya kawo shawarar binciken ƙarfe da irin wannan sauti a 1929, sannan Floyd Firestone na Jami'ar Michigan a Amurka ya sami takardar mallakar na'ura mai sauraren amsa-kuwwa a 1942.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 5,900 a daƙiƙa cikin ƙarfe. Idan kaurin ƙarfen milimita 30 ne, amsa-kuwwar za ta dawo daga ƙasansa bayan kimanin kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa. Idan kuwa wata ta riga ta dawowa a rabin wannan lokaci, to akwai aibi a tsakiyar ƙarfen ke nan.

Matsalar na'ura mai ƙwaya ɗaya ita ce ta kusurwa guda take aika sauti, alhali tsaga ba ta mayar da amsa mai ƙarfi sai sautin ya same ta gaba da gaba. Saboda haka tsagar da ta karkace tana iya kuɓucewa. Wannan giɓi ne jerin ƙwayoyi ya cike. A nan ana jera ƙananan ƙwayoyi, galibi 16 zuwa 128, kowace tana fitar da nata sautin, kwamfuta kuma tana tsara ɗan jinkiri tsakanin wannan da waccan. Misalinsa kamar mutane ne a jere bakin tafki suna jefa tsakuwa: in sun jefa tare, igiyar ruwan ta miƙe gaba, in sun jefa ɗaya bayan ɗaya, sai ta karkata gefe. Ta sauya jinkirin ake share walda daga digiri 40 zuwa 70 ba tare da an motsa na'urar ba, hoton ya fito a allo da siffar mafici, yana nuna zurfin aibin da wurinsa.

Sai dai kuma hanyar tana da sharuɗɗa. Dole a shafa ruwa ko mai tsakanin na'urar da ƙarfen, domin iska tana tare sautin. Haka kuma, wajibi ne a fara daidaita na'urar a kan guntun ƙarfe mai hudojin da aka san zurfinsu. Bugu da ƙari, ƙarfe mai manyan ƙwayoyin ciki yana warwatsa sauti, hoton ya dushe.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa fifikon wannan hanya ya ta'allaƙa ne ga sarrafa lokaci, amma hukuncin karɓar walda ko sake ta yana hannun ƙwararren da ya iya karanta hoton.