Kabeji Yana Kawo Maƙoƙo?

Wata mai ciki ta zo awo, ta ce mini uwar mijinta ta hana ta cin kabeji, wai yana kumbura wuya. Ga shi kuwa lokacin sanyi ne, lambu ya cika da shi, ga araha. Ba ita kaɗai ke da wannan tsoro ba.

Daga ina ɗacin yake?

Kabeji, wanda wasu ke kira shu, yana da wani sinadari mai suna gulukosinolet, mai ɗauke da farar wuta. Shi ne makamin da shukar ke kare kanta da shi daga ƙwari. In an yanka ganyen ko an tauna, sai ya rikiɗe ya ba da ɗaci da warin nan da muka sani. Zogale da gasaya ma suna da irinsa. Masana sun gano ire-irensa fiye da 100.

Ba duk kabeji ne ɗaya ba. Wani iri yana da sinadarin da yawa, wani kaɗan. Ko iri ɗaya ne, ƙasa da yanayi suna canza shi. Wanda ya sha zafi da ƙishirwa yakan fi ɗaci. Shi ya sa na lambun maƙwabcinka zai iya fin naka zaƙi.

Maganar maƙoƙo fa?

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Wani ɓangare na sinadarin yana rage wa ƙullin da ke gaban wuya ƙarfin ɗaukar aidin. Amma hatsarin yana ga wanda dama jikinsa ba shi da isasshen aidin, kuma yana cin ɗanyen ganyen da yawa kullum. Babban abin da ke kawo maƙoƙo shi ne ƙarancin aidin. Mai ciki tana bukatarsa ƙwarai, domin ƙwaƙwalwar jariri ba ta girma sosai sai da shi.

Abin da za ku yi

A sayi gishiri mai aidin, a rufe shi, a ajiye nesa da rana da danshi.
A wanke kabeji da ruwa mai tsabta.
A dafa shi sama-sama da ruwa kaɗan. In ya daɗe a wuta, amfaninsa yana bin ruwa.
Wanda wuyansa ya fara kumburi ya zo asibiti, kada a yi masa tsaga.

Matar nan ta koma gida da ƙullin gishiri mai aidin. Na ce ta gaida Inna, ta faɗa mata kabeji ba shi da laifi.