Sauya Kwas Bayan An Fara Neman Bizar Karatu A Ingila

Kowace shekara, da damina ta yi tsakiya, ɗalibai da ma'aikatan gwamnati masu hutun ƙaro ilmi sukan duƙufa wajen haɗa takardun tafiya Ingila, domin yawancin jami'o'in can a Satumba ko Oktoba suke buɗewa. A cikin wannan gaggawa ne wani yakan canza shawara, ya rubuta wa jami'a cewa ya fi son wani kwas dabam. Da ta amince, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa a nan ta fara.

Dalili shi ne, bizar ɗalibi a ɗaure take da kwas ɗin da aka ɗauke shi ya yi. Tun daga 2010, jami'a ce take tsaya wa ɗalibi ta hanyar ba shi wata lamba da ake kira CAS, wadda take ɗauke da sunan kwas, da matakinsa, da ranar farawa da ta gamawa, da kuɗin makaranta. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma bayan wata 6 ta mutu. Jami'in biza ba zai ga wasiƙun da ɗalibi ya yi musaya da malamansa ba. Abin da ke cikin lambar shi zai gwada da fom. Saboda haka wanda ya sauya kwas, lalle ne ya sa jami'a ta gyara lambar ko ta ba shi sabuwa kafin ya cika fom. In kuwa ya riga ya miƙa, ya sanar da jami'a nan take. Kuɗin biza ba ya dawowa ga wanda ya janye bayan an ɗauki zanen yatsunsa.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne wajen kuɗi. Doka ta ce kuɗin makaranta na shekarar farko, haɗe da na guzuri har na wata 9, su zauna a banki kwana 28 a jere. In sabon kwas ya fi tsohon tsada, kuɗin da jiya suka isa yau sun gaza, sai an cika an sake ƙirga kwanakin. Haka wanda PTDF ko TETFund ko hukumar tallafin karatu ta jiharsa ta ɗauki nauyinsa: takardar da ta ambaci tsohon kwas tana bukatar sakewa, kuma kowa ya san fayil ba ya gudu a ofis.

Wasu fannonin kimiyya da injiniya na gaba da digirin farko suna bukatar takardar izini mai suna ATAS, wadda ita ma sai an nemi sabuwa. Mai iyali kuma ya lura: daga Janairun 2024, in ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa ba, sai mai digirin bincike kaɗai yake iya tafiya da mata da 'ya'ya. Sauka daga bincike zuwa digiri na biyu na zaman aji yana iya raba gida.

Kuskure yakan jawo a hana biza, a yi asarar kuɗi da zangon karatu. Amma in hukuma ta ga da gangan aka ɓoye gaskiya, hanin yana kaiwa shekara 10.

Wanda ya riga ya isa can yana iya sauya kwas ba tare da sabuwar biza ba, muddin bai sauka mataki ba, zai gama cikin wa'adinsa, kuma jami'a ta shaida cewa sabon yana da alaƙa da tsohon ko da aikin da ya sa gaba. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai fara zuwa, kafin ya shiga sabon aji.